Haddar buɗin wasa a ces: karatu ne ko asarar barci?

Dan_Fagge:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Yau da takaici na shigo. Wata 4 cur ina haddar buɗin Najdorf, wanda mai baƙi ke yi in an buɗe masa da e4, har littafin rubutu na saya saboda ita, na bi ta reshe-reshe, wani reshen ya kai taku 18. Ko tsakar dare aka tashe ni aka ce 6.Bg5, zan karanto amsar ido a rufe. Ranar Asabar na je wata 'yar gasa ta gaba da gaba, zagaye 5. Sau 3 na riƙe baƙi, duka ukun aka buɗe mini da e4, na mayar da c5 ina murmushi. Wallahi ko mutum ɗaya bai shiga Najdorf ba. Ɗaya ya buga 2.Bc4, ɗaya 2.Nc3 ya bi da f4, na ukun kuwa wani yaro ne da bai fi shekara 12 ba, ya buga 2.c3 ya yi mini wankin babban bargo. Ga yadda aka yi:

1.e4 c5 2.c3 d6 3.d4 cxd4 4.cxd4 Nf6 5.Nc3 a6 6.Nf3 e5 7.dxe5 dxe5 8.Qxd8+ Kxd8 9.Nxe5

Soja ya tafi, sarkina na tsaye a tsakar gida ba mafaka, dokinsa kuma na hararar f7. Daga nan sai jan ƙafa har na miƙa hannu.

Abin da na fito da shi daga wannan wahala: duk wanda makinsa na ƙwarewa bai kai 1800 ba, karatun buɗi ɓata lokaci ne gare shi. Mai ja ya fito.

GiwarSabonGari:
Wa alaikumus salam. Sannu da jinya ɗan uwa. Ɗan hakin da ka raina kenan. Yaran nan na yanzu ba sa jin tsoron gemu.

MalamMaiAllo:
Dan_Fagge ƙanena, na dasa wasan naka a allo na duba. Buɗi bai cuce ka ba, kai ne ka kai amsar wata tambaya inda ba a yi ta ba. Tsaya ka ga. A Najdorf ta gaskiya, wato 1.e4 c5 2.Nf3 d6 3.d4 cxd4 4.Nxd4 Nf6 5.Nc3 a6, me ke zaune a gidan d4? Doki. Idan ka tura e5, dokin nan kake kora, kuma a6 ɗin da ka fara bugawa ita ce ta toshe masa b5, ta kuma hana giwa zuwa can ta dame ka. Taku biyun nan tare suke aiki, ɗaya na share wa ɗaya hanya. A wasanka da yaron nan soja ne a d4. Soja ba ya gudu in an tsokane shi, cin abin da ya zo gefensa yake yi. Ka haddace a6 da e5, ba ka taɓa tambayar kanka wa ake kora da su ba.

Da ka tsaya minti 2 a taku na biyu ka ce me c3 ta ba shi, me ta hana shi, da ka gano da kanka. Tana shirya masa d4 da goyon baya, amma ta zauna a gidan da dokinsa ya fi so. Shi ya sa 2...d5 take da ƙarfi: in ya ci, ka rama da sarauniya, ba dokin da zai fito c3 ya kore ta nan take. Akwai kuma 2...Nf6, ka taɓa e4 tun bai gama gini ba. Waɗannan biyun su ne manyan amsoshi, kuma ba sa bukatar littafin rubutu.

Dan_Fagge:
Malam, Allah ya ƙara girma, na ji kuma ya shige ni. Amma ai maganata ka ƙarfafa. Da wata huɗun nan na zuba su a warware matsaloli da ƙarshen wasa, da ban kai haka ba.

MalamMaiAllo:
Rabin maganarka na ƙarfafa. Ka ce karatun buɗi ɓata lokaci ne. Ni kuma na ce ba ka yi karatun ba tukuna, tilawa ka yi.

LondonKawai:
Ku dai kuna son wahala. Ni shekara 3 kenan tsarin London nake bi: d4, Bf4, e3, c3, Nd2, Nf3, Bd3, in ɓoye sarki, shi ke nan. Ko wa ke gabana, ko me ya buga. Ba hadda, ba ciwon kai, ina dawowa daga kasuwa in buga wasa 5 in kwanta.

Yar_Zazzau:
LondonKawai, "ko me ya buga" ɗin nan ita za ta kashe ka wata rana. Ranar da giwarka ta bar c1, wa ka bar wa gadin b2? Na sha cin 'yan London da c5 sannan Qb6. Sai ka ga mutum ya daskare, don tsarin da ya saba jerawa bai tanadi amsa ba. Kai ma hadda kake yi, taka dai gajeriya ce.

LondonKawai:
Anti, ai sai in mayar da Qb3 mu yi musaya, kowa ya huta. Kuma kafin a raina mana sana'a, Ding Liren da London ya ci Nepomniachtchi a wasa na 6 na gasar kambun duniya a Astana, 2023. In zakaran duniya bai ji kunyarta ba, ni wa?

Yar_Zazzau:
Gaskiya ne ya buga ta kuma ya ci. Sai dai shi ya san abin da zai yi a taku na 15, kai kuma a nan ne kake fara kallon silin.

SarkinTarko:
Hahaha. Ni 'yan d4 ma abincina ne. 1.d4 e5 2.dxe5 Nc6 3.Nf3 Qe7 4.Bf4 Qb4+ 5.Bd2 Qxb2 6.Bc3 Bb4 7.Qd2 Bxc3 8.Qxc3 Qc1, sarki ya mutu. A wasan minti 3 a shafin Lichess na intanet ban san adadin waɗanda na binne da wannan ba. To wa ya ce hadda ba ta biya?

Injiniya64:
SarkinTarko, faɗa wa mutane abin da ke faruwa in ya buga 6.Nc3 maimakon 6.Bc3. Sarauniyarka na can b2 tana yawo ita kaɗai, Rb1 na tafe, doki na shirin faɗawa b5 ko d5 ya nufi c7, kai kuma doki ɗaya kawai ka fitar. Tarkon nan sau ɗaya yake kama mutum. A intanet kullum baƙuwar fuska kake samu, shi ya sa kake ganin riba. Je ka gasa inda mutum 20 ɗin nan ne dai kuke haɗuwa duk wata, ka ga ko zai yi maka aiki sau biyu.

SarkinTarko:
Wanda ya san 6.Nc3 sai in ce masa sannu da ƙoƙari, in nemi wani.

Baba_MaiDara:
Ni wannan wasan naku jikana ne ya koya mini shi bayan na yi ritaya, ban ƙware ba, haruffan nan naku ma sai na sa tabarau. Amma dara na yi ta fiye da shekara 50 a gindin bishiya. A dara kafin kowa ya motsa, sai an gama dasa 'ya'ya, kowa 12, ɗaya bayan ɗaya. Gwanaye tun a wurin dasawar nan suke cin mutum. Kana gama ajiye na ƙarshe tsoho zai dube ka ya ce tashi kawai yaro. Kuma ban taɓa ganin wanda ya rubuta dasawa a takarda ya haddace ba. Abin da ake yi, kana dasa naka idonka na kan nasa. Yaron da ya ci Dan_Fagge, ina jin shi yana kallon allo ne, Dan_Fagge kuma yana kallon littafinsa da ya baro a gida.

Dan_Fagge:
Baba, ranka ya daɗe, wannan ta fi ta yaron zafi.

Almajirin_Tarihi:
Maganar Baba ta tuna mini wani abu. Wasan nan kafin ya zama yadda muka san shi, a hannun Larabawa da Farisawa yake, sunansa shaɗaranji. A Bagadaza zamanin Abbasiyawa akwai gwanaye irin su al-Adli a ƙarni na 9 da as-Suli a ƙarni na 10. A wancan wasan abin da muke kira sarauniya waziri ne mai rauni, gida ɗaya yake takawa a karkace. Giwa tsalle take yi gida biyu a karkace, soja kuma ba ya taka biyu a farkon fitarsa. Saboda haka rundunoni kan daɗe ba su haɗu ba, kowa sai ya yi ta jera mutanensa zuwa wani tsari da ya sani. Tsarin nan suna kiransa ta'biya, wato jeren mayaƙa, kuma kowanne da sunansa, akwai mujannah, akwai sayyal. Kusan dasawar da Baba yake faɗa ce. Har yau manyan 'yan wasa na amfani da kalmar tabiya ga matsayin da ake isa bayan an gama takun da kowa ya sani, inda wasa na gaske yake farawa.

Sai wajen ƙarshen ƙarni na 15 a Sifaniya aka ba sarauniya da giwa doguwar tafiya. Daga ranar nan aka shiga uku, domin yanzu ana iya kashe sarki a taku 4, dole mutum ya san abin da yake yi tun daga farko. Ruy Lopez da ake ta kiran sunansa, limamin coci ne ɗan Sifaniya, a 1561 ya yi rubutu a kan buɗin da ke ɗauke da sunansa yau.

Wato LondonKawai ɗan gargajiya ne, ta'biya yake yi irin ta mutanen Bagadaza. Matsalarsa ɗaya, sarauniyar abokin karawarsa ta zamani ce.

LondonKawai:
Na karɓi wannan sarautar da hannu biyu.

Abu_Hanan:
Tunda an ambaci shaɗaranji, ni a karatun zaure na fara jin sunan, kuma ba da yabo aka ambace shi ba. Ya matsayin abin yake ne?

Shugaban_Zaure:
Malam Abu_Hanan, tambaya ce mai kyau amma ba nan ne wurinta ba. Malamai sun yi magana a kai tun da daɗewa kuma maganarsu ba ɗaya ba ce, a kai ta gaban masu ilimin. Dokar zauren nan dai tana nan: ba caca, kuma in an kira salla a tsayar da agogo. Mu koma kan buɗi.

Dan_Maradi:
Gaisuwa daga Maraɗi. Ni wahalata da ku ta haruffa ce. Mu nan da Faransanci muka koya, eshek muke ce ma wasan. Doki C ne, giwa F, hasumiya T, sarauniya D, sarki kuma R. To ku R ɗinku hasumiya ce. Farkon shigata zauren ga, wani ya rubuta Rb1, na ɗauki sarki ina neman yadda za ya kai b1, na ce mutanen Najeriya wane irin wasa su kai haka.

Kan maganar Dan_Fagge kuwa, ni ina bayanshi kaɗan. Inda nike wasa ba mu da mai koyarwa, waya ce malaminmu. Bidiyon buɗi ya fi komi yawa a YouTube saboda shi ka kawo masu kallo. Ba ka ganin mai cewa zo in koya maka sarki da soja a kan sarki, sai "ka ci wasa a taku 10". Yaro ya ƙone data a kan wannan, ya zo ya samu hasumiya da sarki a kan sarki tilo, ya kasa kashewa.

MalamMaiAllo:
Dan_Maradi ya taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Na taɓa ganin yaro a gasa ya buga taku 14 na Ruy Lopez ba kuskure, har mutane suka taru a bayansa. Aka zo ƙarshe yana da sarauniya, ɗayan ba shi da komai sai sarki, ya matse shi a lungu ba tare da barazana ba, sarki ya rasa inda zai taka, aka tashi kunnen doki. Kuka ya yi sosai. Laifin namu ne masu koyarwa, mun fara masa gini daga rufi.

Injiniya64:
Bari in kawo lissafi don a san girman abin da ake cewa za a haddace. Fari na da zaɓi 20 a takun farko, baƙi ma 20, wato hanyoyi 400 kafin kowa ya yi taku na biyu. Bayan kowa ya taka sau 2, hanyoyin sun kai 197,281. Yawancinsu shirme ne, na yarda, amma abokin karawarka a matakinmu ai shirmen yake bugawa, kuma littafi bai rubuta amsar shirme ba. Masana sun kasa buɗi gida 500, daga A00 zuwa E99. Najdorf ita kaɗai ta cinye daga B90 zuwa B99. Dan_Fagge ya zauna a gida 10 cikin 500 yana jiran baƙo, baƙo ya shigo ta B22, gidan 2.c3.

GiwarSabonGari:
To amma kada a wuce gona da iri. In buɗi ba shi da amfani, me ya kayar da Kasparov a 2000? Mutumin da ya riƙe kambu tun 1985, Kramnik ya zo masa da buɗin Berlin a Landan: 1.e4 e5 2.Nf3 Nc6 3.Bb5 Nf6 4.0-0 Nxe4 5.d4 Nd6 6.Bxc6 dxc6 7.dxe5 Nf5 8.Qxd8+ Kxd8. An cire sarauniyoyi tun da wuri, an bar Kasparov da fili mai sanyi wanda ba ya so. Ya yi ta dukan katangar nan bai fasa ta ba. Wasa 15 aka yi, bai ci ko ɗaya ba, Kramnik ya ci 2, aka tashi 8½ da 6½. Wannan ba a kan allo aka fara cin sa ba, a ɗakin shiri aka ci shi.

SarkinTarko:
Ku tsaya! 8.Qxd8+ Kxd8. Ku koma sama ku duba wasan Dan_Fagge, taku na 8. Ashe Berlin mutumin nan ya buga bai sani ba. Kramnik na Fagge!

Dan_Fagge:
Allah ya isa tsakanina da kai, SarkinTarko.

Yar_Zazzau:
Bambancin kaɗan ne ai. Kramnik ya rasa damar ɓoye sarki amma ya riƙe giwaye biyu kuma sojojinsa cif. Namu ya rasa damar ɓoye sarki, ya ƙara da kyautar soja.

GiwarSabonGari, misalinka gaskiya ne amma na mutanen sama ne. Su kuskurensu ƙanƙane ne, shi ya sa ɗan rinjayen da aka samo daga gida yake yanke hukunci. Duba 2018, Carlsen da Caruana, wasa 12 na dogon lokaci duka canjaras, sai a wasan sauri Carlsen ya ci 3 a jere. Kowa ya zo da shirin da ɗayan ya kasa fasawa. Mu kuwa ina duba wasannina a injin Stockfish in ga na ba da doki kyauta a taku na 22, shi ya mayar mini da hasumiya a na 25. Ɗan rinjayen buɗi a irin wannan kasuwa me zai saya?

Almajirin_Tarihi:
Su ma na saman hadda ta sha kai su ta baro. Labarin da na fi so shi ne na Gothenburg a Suwidin, 1955, kuma a kan Najdorf ɗin Dan_Fagge ya faru, da shi Najdorf ɗin kansa a ciki. Miguel Najdorf mutumin Foland ne, yaƙin duniya ya ritsa da shi a Buenos Aires a 1939 ya zauna can ya zama ɗan Ajantina. A gasar nan shi da 'yan ƙasarsa biyu, Panno da Pilnik, sun shirya wani sabon reshe a ɓoye: 6.Bg5 e6 7.f4 Be7 8.Qf3 h6 9.Bh4 g5. Sai aka yi dace, a zagaye ɗaya su ukun duka suka riƙe baƙi a gaban 'yan Tarayyar Sobiyet uku: Geller da Panno, Keres da Najdorf, Spassky da Pilnik. Alluna uku, matsayi ɗaya. Aka yi 10.fxg5 Nfd7, sai Geller ya jefa doki: 11.Nxe6 fxe6 12.Qh5+ Kf8, ya bi da 13.Bb5, giwa ta tafi inda soja zai iya cinye ta, don kawai a share hanya hasumiya ta zo layin f. Keres da Spassky suka bi sawu. Mutanen Ajantina uku suka faɗi rana ɗaya da shiri ɗaya.

Abin da ya sa nake son labarin shi ne ƙarshensa. Bayan shekara 3, a Portoroz, Bobby Fischer ɗan Amurka yana ɗan shekara 15 ya shiga wannan reshen da gangan a gaban Gligoric, ya buga 13...Rh7, aka tashi canjaras. Ashe reshen bai mutu ba, masu shi ne ba su haƙa shi har ƙasa ba.

GiwarSabonGari:
To ka ga wannan ai hujjata ce. Fischer daga gida ya zo da Rh7. Karatu ne ya gyara abin da karatu ya ɓata. Kuma shi Fischer ai e4 kaɗai ya buga duk rayuwarsa, ya san ta ciki da waje, shi ya sa ya gagara.

Almajirin_Tarihi:
Gyara kaɗan, Yallaɓai. Kusan kullum e4 yake bugawa, amma ba ita kaɗai ba. A Reykjavik, 1972, wasa na 6, da c4 ya buɗe wa Spassky, wasan ya juye ya koma Gambit ɗin Sarauniya, ya ci shi cin da har Spassky ya taya 'yan kallo tafi. Kuma a wasa na 11 na wannan karawar, Spassky ya kama shi a cikin Najdorf ɗin da ya fi ƙauna, reshen da sarauniya ke zuwa ta ci sojan b2. Shi ɗin dai ne kuma daga baya ya gaji da hadda, a 1996 ya fito da tsarin da ake hargitsa jeren manyan 'ya'ya na baya, matsayi 960, don kada kowa ya zo da komai daga gida.

Injiniya64:
A ƙara da Brissago, 2004. Kramnik ɗin da ake yabo ya zo da shirin kwamfuta a reshen Marshall, wasa na 8 da Leko. Yana ta bugawa da sauri har ya ba da sarauniya, Leko na ta ƙona lokaci. Ashe an katse injin bai gama lissafi ba. Leko ya gano Qd3 da kansa a kan allo, ya ci wasan. Sai da Kramnik ya ci wasa na 14, na ƙarshe, aka tashi 7 da 7 sannan ya tsira da kambunsa. Haka Kasparov da Deep Blue a 1997, wasan ƙarshe, a buɗin Karo-Kan: ya buga h6 a taku na 7, na'ura ta jefa doki a e6, taku 19 aka tashi. Duk mai duba injin a waya ya rubuce layin farko ya rufe, ya tuna da waɗannan.

Hajiya_Umma:
Salamu alaikum. Ni ba na wasan, ɗana ne ɗan shekara 9 ya ɗauko shi tun da ya ga labarin Tunde Onakoya da ya yi awa 60 yana bugawa a New York a 2024. Da lambata aka sa shi a zauren nan. Kullum kuka yake kawo mini wai ana kashe shi a taku 4 da sarauniya da giwa. Duk wannan bayanin naku ya fi ƙarfina. Me zan ce masa?

MalamMaiAllo:
Hajiya, barka da zuwa, Allah ya raya shi. Ki nuna masa wannan, zai gane. Abin da ake yi masa shi ne 1.e4 e5 2.Qh5 Nc6 3.Bc4, shi kuma sai ya fito da doki f6 don ya kori sarauniya, sai a ci f7 a kashe. Gidan f7 sarki kaɗai ke gadinsa, shi ya sa ake nufarsa. A taku na 3 ya tura g6, hanya ta toshe. In sarauniya ta koma f3 tana sake leƙen f7, yanzu ne lokacin doki f6. Daga nan shi ke da daɗi, don ɗayan ya ɓata lokaci yana yawo da sarauniya. Bayan wannan kada ya haddace komai tukuna. Ya tura sojan tsakiya, ya fitar da dawakai da giwaye, ya ɓoye sarki, kuma kafin kowane taku ya tambayi kansa me wancan yake nufi da abin da ya buga yanzu. In kina da hali ki sa ya riƙa rubuta wasanninsa a takarda, ki turo mana ɗaya duk mako.

Hajiya_Umma:
Na gode Malam, Allah ya saka da alheri. Ga shi nan ya ƙwace wayar.

GiwarSabonGari:
Malam, ka lura kuwa? Abin da ka ba yaron nan yanzu, g6 sannan Nf6, ai karatun buɗi ne. Taku 4 ne amma karatu ne. Ke nan maganar Dan_Fagge ta faɗi, tunda ko mai maki 600 yana bukatarsa.

Yar_Zazzau:
Ba ta faɗi duka ba. An kashe yaron sau da yawa, sannan aka ba shi maganin ciwon da ke damunsa. Dan_Fagge kuwa ya sha maganin wata 4 na cutar da ba ta kama shi ba. Ni yadda nake yi kenan: in na gama wasa sai in duba inda na fara fita daga hanya, in koyi taku ɗaya tak da dalilinsa. A shekara 2 Karo-Kan ɗina ta yi kauri ba tare da na zauna hadda ko sau ɗaya ba.

Injiniya64:
Hanyarki na da kyau Anti, sai dai tana da tsada, kowane darasi sai an biya shi da faɗuwa. A intanet ba komai. A gasar da ka biya kuɗin mota da na rajista, zagaye 5 kacal, ba na son in koyi darasi a zagaye na 2. Ni ina ganin wanda zai fita gasa dole ya zauna ya tsara: me zan yi wa e4, me zan yi wa d4, me zan buɗe da shi, kowanne zuwa taku 7 ko 8, har da amsar 'yan kauce-kauce irin c3 da f4. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Dan_Maradi:
Ding ma da buɗin Faransa ya amsa ma Gukesh a wasan farko a Singafo, 2024, ya ci da baƙi. Amma kambun a ina ya tahi? A wasa na 14, ƙarshen wasa da kowa ke cewa canjaras ne, Ding ya kai hasumiya f2, aka yi musaya, sarki da sojoji suka gama da shi. Yaro ɗan shekara 18 ya zama zakara. Ni dai har yanzu ina nan kan bakata.

LondonKawai:
Duk ku gama ku dawo London, ƙofa a buɗe take.

Dan_Fagge:
Na karanta duka, na gode. Ban janye maganata gaba ɗaya ba, amma na rage mata tsawo: 1800 ɗin da na faɗa da zafin rai na faɗe ta. Littafin Najdorf ban yar ba, sai dai na fara bin sa daga shafin farko ina rubuta "don me" a gefen kowane taku, kuma abin kunya, a taku na 6 na fara rasa amsa. Daren jiya na buga wasa 6 da baƙi a Lichess ina addu'ar wani ya kawo 2.c3 in gwada d5 ɗin Malam. Ba wanda ya kawo. Na huɗun ma 2.b4 ya buga mini. Malam, wannan kuma mene ne?

SarkinTarko:
Wace lamba ce sunan mai b4 ɗin ya ƙare da ita? Don jiya da misalin ƙarfe 11 ina kan layi.

MalamMaiAllo:
Ci sojan, sannan ka nemi d5 da wuri. Amma kafin in ƙara komai, kai fara faɗa mini: da ya ba ka b4 kyauta, wane sojanka yake so ya janye daga ina?

Baba_MaiDara:
Kada kowa ya ba shi amsa. Ku bar shi ya kalli allo.